Maƙabartar 'Yan Polan a Gindin Dutsen Meru

Ƙaramar bas ɗin da 'yan Tanzaniya ke kira daladala ta sauke ni a mahaɗar Tengeru da hantsi. Daga Arusha tafiyar kusan kilomita 15 ce, a kan titin da ya miƙa gabas zuwa Moshi. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Kilimanjaro kuwa ta gabas zai ɓullo, ya riski Tengeru kafin ya kai Arusha. Laraba da Asabar kasuwar garin ke ci, ranakun nan babura ba sa wuya, amma bakin titin a cushe yake da kayan ayaba da tumatir. Ɗan babur a can bodaboda ake ce masa. Ka ce masa "makaburi ya Wapolandi", wato maƙabartar 'yan Polan, ku gama ciniki kafin ka hau. In ka ga ya yi jim, alamar bai san wurin ba ke nan, sai ka ce ya bi hanyar Tafkin Duluti zuwa kwalejin kiwon dabbobi, kudu da babban titi. Daga nan duk wanda ka tambaya zai nuna maka.

Maƙabartar a kewaye take da katanga, ƙofarta kuma yawanci a kulle, mabuɗin yana hannun mai kula da wurin. Dattijo ne, don haka gaisuwar da ta dace da shi ita ce "shikamoo". Ya amsa mini da "marahaba", kalmar da kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a kanta. Ya buɗe, ya ja gefe, ya bar ni na shiga.

Kaburbura ne kimanin 150, a jere, an shafe su da farin fenti, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Galibinsu da gicciyen Katolika. Wasu gicciyen na Otodoks ne, mai ƙarin sanda a karkace daga ƙasa, 'yan kaɗan kuma tauraron Yahudawa mai tsini shida ke kansu. Akwai ɗan ɗaki da aka jera tsofaffin hotuna da bayanai, da littafin da baƙi ke sa hannu. Cikin minti ashirin za ka zagaye wurin kaf. Wannan ƙanƙantar ita ce abin lura. Sansanin 'yan gudun hijirar Yaƙin Duniya na Biyu da ya binne mamatansa a nan shi ne mafi girma cikin sansanonin 'yan Polan a Afirka, ya ɗauki mutum fiye da 4,000 a lokaci guda, ya kuma yi kusan shekara goma. A tashar farko da waɗannan mutanen suka sauka bayan fitowarsu daga Tarayyar Sobiyet, wato Pahlavi a Iran, kabari 639 aka haƙa, mafi yawa cikin 'yan watanni. Wanda bai ajiye lambobin nan biyu gefe da gefe ba, ba zai gane dalilin da ya sa tsofaffi ke tahowa tun daga Kanada da Ostareliya su tsaya a nan suna godiya ba.

Hanyar da ta kawo su ta faro ne daga 17 ga Satumban 1939, ranar da sojojin Sobiyet suka shiga Polan ta gabas, kwana goma sha shida bayan Jamus ta afka mata ta yamma. Hukumomin Sobiyet suka kwashi mutane daga gabashin Polan a zango huɗu: 10 ga Fabrairun 1940, 13 ga Afrilu, watan Yunin shekarar, sai Mayu da Yunin 1941. Zangon Fabrairu ya faɗa kan tsofaffin sojojin da aka ba gonaki da ma'aikatan gandun daji, su da iyalansu, aka yi da su dazuzzukan arewa da Saibiriya. Na Afrilu matan da 'ya'yan hafsoshi da 'yan sandan da aka riga aka kama ne, aka zube su a Kazakistan. Takardun hukumar tsaron cikin gida ta Sobiyet, NKVD, sun nuna kimanin mutum 320,000. Tsofaffin ƙiyasin 'yan Polan sun haura miliyan.

Kafin asuba ake buga ƙofa, a ba iyali ɗan lokaci, wani wurin rabin sa'a, su haɗa kaya. Abin da uwa ta ɗauka a wannan rabin sa'ar shi ke yanke hukunci daga baya. Bargo mai kauri, gatari, kan keken ɗinki, tufafi masu kyau: duk sun koma kuɗi a inda kuɗi ba shi da amfani, ana musayar riga da bokitin dankali. Taragon shanu aka zuba su, da katakai hawa biyu na kwanciya, ƙaramin murhun ƙarfe a tsakiya, rami a daɓe a matsayin makewayi, ƙofa a kulle ta waje, mako biyu zuwa huɗu. A inda aka sauke su, burodi da aiki a ɗaure suke. An yanka maka yawan itacen da za ka sare a yini. Ka cika, ka sami cikakken rabo. Ka gaza, a rage, gobe ƙarfinka ya ragu, ka ƙara gazawa. Rabon yaro da tsoho shi ne mafi ƙanƙanta. Dundumi ya yi yawa saboda rashin abinci mai gina jiki, dasashi na zubar da jini, haƙora na girgiɗi.

Abin da ya buɗe ƙofa ba tausayi ba ne. Jamus ce ta juya kan Sobiyet ranar 22 ga Yunin 1941, shugaban Sobiyet Stalin ya shiga neman abokai. Ranar 30 ga Yuli, Firaminista Sikorski na gwamnatin Polan da ke gudun hijira a Landan ya sa hannu kan yarjejeniya da jakadan Sobiyet Maisky, ranar 12 ga Agusta aka shelanta "afuwa". Kalmar ta ci wa mutanen rai har ƙarshen rayuwarsu, don afuwa ai sai ga mai laifi, yaro ɗan shekara shida kuwa me ya yi? Aka kuma amince a kafa rundunar Polan a ƙarƙashin Janar Anders, wanda shi kansa daga kurkukun Lubyanka aka fito da shi.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Takardar saki kawai ake ba mutum, babu mota, babu guzuri, wasu shugabannin sansani ma ɓoye labarin suka yi don kada su rasa ma'aikata. Kowa ya nufi kudu, inda aka ce rundunar ke taruwa, daga baya a Uzbekistan. A wannan zangon aka fi samun marayu, kuma dalilin mai sauƙi ne ƙwarai: jirgin ƙasa na tsayawa ba da sanarwa ba, ya tashi ba da sanarwa ba. Uwa ta sauka neman ruwan zafi ko burodi, ta dawo ta tarar da dogo fayau, 'ya'yanta sun yi gaba. A kudun kuma cunkoso da rashin wanka suka haifar da kwarkwata, kwarkwata ta yaɗa zazzaɓin taifus, ga atuni, ga zazzaɓin cizon sauro. Da aka zo fitar da mutane, sunan da ke cikin jerin iyalan soja ko na gidan marayu ne ke samun gurbi. Don haka uwaye da yawa suka kai 'ya'yansu gidan marayu da hannunsu, suka ce ba su da kowa. Wasu sun sake haɗuwa a Tehran ko a Afirka. Wasu ko kusa.

A zango biyu aka kwashe su, Maris zuwa Afrilu da Agusta zuwa Satumban 1942, daga Krasnovodsk, garin da yanzu ake kira Turkmenbashi, a tsallaka Tekun Kasfiya a jiragen dakon mai da na gawayi zuwa Pahlavi, wato Bandar Anzali ta yau. Wasu ƙalilan ta ƙasa suka bi, daga Ashgabat zuwa Mashhad. Jimilla kimanin mutum 115,000, farar hula a ciki kimanin 37,000. A bakin tekun Pahlavi an raba fili biyu, ɓangaren datti da ɓangaren tsabta. Ba ka ƙetarawa sai an aske maka kai ƙwal, mace ko namiji, ka yi wanka da sabulun kashe ƙwari, an ƙone tsummokaran da ka zo da su. Wannan matakin daidai ne, shi ya karya taifus. Kuskuren a tukunya aka yi shi. Mutanen da suka shekara biyu cikin yunwa aka ɗora musu naman rago mai kitse da shinkafa da naman gwangwani. Hanjin da ya daɗe bai ga maiƙo ba ba ya iya sarrafa shi, sai gudawa ta ɓarke a jikin da dama ba ruwa, gishirin jini ya rikice, zuciya ta gaza. Abin da ya kamata shi ne abinci mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, a riƙa ƙarawa a hankali. Yara da dama da suka tsira daga Saibiriya cin farko na ƙoshi ne ya kashe su. A maƙabartar Dulab da ke Tehran akwai wasu kaburburan 'yan Polan kusan 1,900.

Bayan nan ƙofar ta rufe. A Janairun 1943 Mosko ta ce duk waɗanda suka rage 'yan Sobiyet ne, a Afrilu kuma ta yanke hulɗa da gwamnatin Polan da ke Landan kan batun kaburburan Katyn, inda aka gano gawarwakin hafsoshin Polan da NKVD ta kashe. Waɗanda suka fita 'yan tsiraru ne a kan waɗanda suka rage, kuma sun san haka.

Iran ba ta iya riƙe su ba. Ita kanta tana fama da ƙarancin hatsi, ta cikinta ake jigilar kayan yaƙi zuwa Sobiyet, sojojin Jamus kuma na dosar Kokasus. Birtaniya ta rarraba su. Wasu Indiya, inda Maharaja Digvijaysinhji, sarkin Nawanagar, ya buɗe wa marayu sansani a Balachadi. Wasu Santa Rosa a Meziko. Yara 733 suka sauka Wellington ta Nuzilan a farkon Nuwamban 1944. Kaso mafi tsoka, kimanin 18,000, Afirka aka kawo su, ta Ahwaz da Karachi, a jiragen ruwa da ke kashe fitilu da dare suna tafiyar karkace-karkace don tsoron jiragen ƙarƙashin teku na Japan, su sauka Mombasa, Tanga, Darussalam ko Beira. An watsa su a wajen sansani ashirin: Koja da Masindi a Yuganda, Ifunda da Kidugala da Kondoa a Tanganyika (babban yankin Tanzaniya ta yau), Abercorn da Lusaka da Rusape a Rodeshiya (Zambiya da Zimbabwe a yau), da sauransu. Mata da yara ne kusan duka. Maza kusan ɗaya cikin goma ne, don masu ƙarfi suna rundunar Anders, wadda ta kafa tutarta a Monte Cassino ta Italiya ranar 18 ga Mayun 1944. Wasiƙar mutuwar uba ko wa a nan gindin Meru take iske iyali.

Da na fito daga maƙabartar na taka zuwa filin da sansanin ya zauna. Kada ka sa ran ganin ɗakunan. Na laka ne, zagayayyu, da rufin ciyawa da ganyen ayaba, an shafe su da farar ƙasa, irin ginin da gara da damina ke cinyewa da zarar an daina gyara. A hotunan da ke ɗakin tarihi za ka gan su ɗaruruwa a jere, da gadajen katako, gidan sauro, fitilar kananzir, da furannin da matan suka shuka a bakin ƙofa. Yau cibiyoyin koyar da kiwo da noman lambu da raya karkara ne a wurin. Ƙasar baƙa ce, ta tsohon aman dutse, ruwa na gangarowa daga Meru, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,500. Ganin ƙasar ya isa ya gaya maka yadda gonar sansanin ta iya ciyar da shi da kayan lambu da madara da nama.

Abokan gabar da suka tarar a nan ƙanana ne. Sauro na farko, maganinsa gidan sauro da kwinin ko ƙwayar atabirin mai mayar da fata ruwan ɗorawa. Na biyu jiga, ɗan ƙaramin ƙwaro dangin ƙuma. Macen ce ke kutsawa ƙarƙashin farcen ƙafa, da farko ɗan baƙin ɗigo mai ƙaiƙayi, cikin mako biyu ta kumbura da ƙwai ta kai girman wake. Cire ta sai da allurar da aka ƙona a wuta: a buɗe fatar da ke kewaye a hankali, a ɗago jakar gaba ɗayanta ba tare da ta fashe ba, sannan a zuba aidin ko kananzir a ramin. In ta fashe a ciki, wurin ya rure ya zama gyambo. Mutanen da suka san sanyin da ke daskarar da yawu ba su san wannan ba. Ma'aikata 'yan ƙasa ne suka koya musu, kuma su suka fi iya cirewa. Dokar da ta biyo baya ita ce kada yaro ya taka ƙasa ba takalmi, a kuma zazzage takalmin kowace safiya.

Babban aikin sansanin makaranta ce. Yaran sun yi asarar shekara biyu zuwa uku, sai ka ga 'yar shekara goma sha huɗu a benci ɗaya da 'yar goma, wasu Rashanci ya fi zama a bakinsu. Aka buɗe firamare da sakandare da makarantun ɗinki, noma, kasuwanci da kanikanci, ana haɗa karatun shekara biyu a ɗaya. Littafi ya yi ƙaranci har ana kwafa da hannu, kafin waɗanda aka buga a Ƙudus su iso. Akwai asibiti, coci, majami'ar Otodoks, wurin ibadar Yahudawa, ƙungiyar sikawut, gidan marayu. In ka duba abin da waɗannan yaran suka riƙa ambata da suka tsufa, ba manyan kalmomi ba ne. Burodin da ba a auna shi da aikin da ka yi. Ƙofar da ba a bugawa da tsakar dare. Malamar da ke koyarwa da harshen uwarka ba ta waiwaye.

A ganina, bai kamata mai ziyara ya tsaya nan ba, don 'yancin na da iyaka. Kwamandan sansani Baturen Ingila ne, fita zuwa Arusha sai da fas. An kafa sansanonin nesa da gari da gangan, domin mulkin mallaka ba ya son 'yan ƙasa su ga farar fata cikin talauci tana aikin ƙarfi, kuma ba a son cuɗanya da 'yan Afirka, alhali su suka gina ɗakunan. A gefen wannan dutsen dai, a Nuwamban 1951, lokacin da sansanin ke shirin rufewa, gwamnatin mallaka ta tashi Wameru, 'yan asalin yankin, kimanin 3,000 daga Ngare Nanyuki don a ba Turawa makiyaya ƙasar. Kirilo Japhet ya kai ƙararsu Majalisar Ɗinkin Duniya a 1952. Hannun da ya ba wasu mafaka shi ya kori masu gida, kuma Tanganyika ba ta sami nata 'yancin ba sai 9 ga Disamban 1961.

Ƙarshen yaƙi bai zo wa Tengeru da murna ba. A taron Yalta na Fabrairun 1945, na shugabannin Amurka da Birtaniya da Sobiyet, an bar wa Sobiyet gabashin Polan, wato garuruwan da aka kwaso su. A Yuli Birtaniya ta janye amincewa da gwamnatin Polan da ke Landan. Komawa gida na nufin komawa hannun da ya kulle taragon, don haka 'yan kaɗan ne suka koma. Sauran suka shiga layin ƙaura, wadda ita ma da matakanta. Dokar sake tsugunar da 'yan Polan ta 1947 ta buɗe Ingila ga iyalan sojoji, aka kwashe dubbai a 1948, suka sauka a tsofaffin barikoki masu rufin kwano mai lanƙwasa. Wanda ba shi da soja a dangi sai ya jira Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya ta haɗa shi da ƙasar da ke neman ma'aikata. A nan hoton ƙirji ke raba gardama: tabon tarin fuka a huhun mutum ɗaya kan tsayar da iyali duka. Ostareliya na karɓa bisa sharaɗin aikin shekara biyu a duk inda gwamnati ta tura ka, kuma a Fabrairun 1950 jirgin General Langfitt ya sauke kusan mutum 1,200 daga Mombasa a Fremantle. Marayun Tengeru kimanin 150 wani limamin Katolika, Lucjan Królikowski, ya bi da su ta Italiya da Jamus zuwa Kanada a 1949, gwamnatin kwaminis ta Warso na neman a dawo mata da su tana kiransa ɓarawon yara. Tsofaffi da marasa lafiya da zawarawa masu ƙananan yara su suka fi daɗewa a layi. An bar wasu suka zauna a Tanganyika, shi ya sa za ka ga 'yan kaburburan da shekarunsu suka zo bayan rufe sansanin.

Na koma ɗakin tarihi na buɗe littafin baƙi. Sunayen na Polan ne, adireshin kuwa na Ingila, Kanada, Ostareliya, Amurka. A da waɗanda suka yi ƙuruciya a nan ke zuwa, yanzu 'ya'ya da jikoki sun fi yawa. Godiyar tasu ba ta makanta ba ce. Mutanen nan ba su manta Yalta ba, ba su manta cewa ba a ga rundunarsu a faretin nasara na Landan a 1946 ba. Godiyar tana da adireshi: Iraniyawan da suka riƙa jefa musu dabino da 'ya'yan itace cikin motoci, Maharajan da yau akwai dandali da aka sa wa suna don tunawa da shi a Warso, birnin Isfahan da Polan ta buga wa kan sarki a 2008 tana kiransa birnin yaran Polan, allon da ke bakin ruwa a Wellington. A Polan kanta ba a iya maganar kwasar Saibiriya a fili ba sai da mulkin kwaminis ya faɗi a 1989, gidan tarihinta kuma sai 17 ga Satumban 2021 aka buɗe shi a Białystok. Shekara hamsin ɗin da ke tsakani, waɗanda suka yi ƙaura ne suka riƙe labarin.

Mai niyyar zuwa ya guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina, don hanyar ƙasa na yin santsi, Meru kuma ba ya fitowa daga gajimare. Yuni zuwa Oktoba ya fi, da rigar sanyi don safiya. Ranar 1 ga Nuwamba ce 'yan Polan ke ziyartar mamatansu da kyandir a cikin kwalba, in ka zo a makon za ka iya tarar da ragowarsu da ƙyallaye fari da ja, launin tutar Polan, a kan duwatsun. Ka riƙe 'yan shilin a hannu don mai mabuɗi, ka kuma karɓi lambar ɗan bodabodan da ya kawo ka, don babur ba ya yawan wucewa ta ƙofar. Ni ban karɓa ba. Dattijon ya mayar da kwaɗo, ya nuna mini ƴar hanyar da ke ratsa gonakin ayaba zuwa Tafkin Duluti, na bi ta a ƙafa.